Wance Ta Cire DP

A unguwarmu yanzu ba sai mutum ya buɗe baki ake yanke masa hukunci ba. Ya isa kawai a leƙa WhatsApp a tarar inda hotonsa yake ya koma wancan fankon zanen mai kai da kafaɗa, babu ido babu hanci. Kafin la'asar magana ta gama zagaya gidaje: wance ta cire DP.

Mu dai haka muke. Budurwa ta cire, a ce sun ɓata da saurayi. Matar aure ta cire, a ce maigida zai ƙaro ta biyu. Magidanci ya cire, a teburin mai shayi a tabbatar da cewa masu bin sa bashi yake wa ɓuya. Amarya kuwa ba a ma tsayawa tambaya: da zarar hoton lalle da gwaggwaro ya ɓace, fure ko Ka'aba ya hau, sai ka ji ƙawaye suna cewa ango ya kafa doka. Wani lokacin haka ɗin ne, ban musa ba. Amma sau nawa muka tambayi mai abin?

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na 'yan'uwa. Za ka ga yarinya ta matso kusa da yayarta a tsakar gida, waya a hannu, fuska a murtuke.

"Yaya, duba min a wayarki, kina ganin hoton Anti?"

"Ina gani mana, ga ta nan da shuɗin mayafi."

"To shi ke nan, ni ta yi wa bulokin."

Daga nan gaba ta ƙullu, a haɗu a gidan suna a yi gaisuwar sama-sama. Alhali baiwar Allah sabuwar waya ta saya, lambobinta suka zube, ba ta san ma ana yi ba. WhatsApp zaɓi huɗu yake ba mutum kan wanda zai ga hotonsa: kowa da kowa, ko waɗanda ya ajiye lambarsu, ko waɗanda ya ajiye ban da wasu da ya ware, ko kuma babu kowa. In ta zaɓi na biyu, lambarki kuma ba ta cikin wayarta, fanko za ki gani ko da ciki ɗaya kuka fito. Bulokin na gaske yana zuwa da wasu alamun: saƙo ya tsaya a tik ɗaya har abada, kira kuma ba ya shiga. Shi kansa tik ɗayan ba hujja ba ne a garin da waya ke kwana ba caji.

Sannan akwai dalilan da ya kamata mu jinjina wa, ba mu yi gulmarsu ba. 'Yan damfara sun gano cewa fuska ta fi suna saurin buɗe aljihu. Sai su ɗauki hoton Alhaji da babbar rigarsa, su liƙa a sabuwar lamba, su bi 'ya'ya da surukai da saƙo: ina asibiti, a turo min kuɗi yanzu. Na 'yan mata kuwa a buɗe shafin bogi da shi a Facebook, a yi ta yaudarar maza da sunan wadda ke gida tana tankaɗe. Kamfanin ma ya san da matsalar, shi ya sa a 2019 WhatsApp ya cire damar adana hoton DP na wani, a 2024 kuma ya toshe ɗaukarsa ta sikirinshot. Sai dai wa zai hana mugu ɗora wata wayar a kan wannan ya ɗauka? Uwar da ta sauke hoton jaririnta don gudun kambun baka, da wadda ta sauke nata don gudun waɗannan mutanen, duk a wurina labulen ɗakinsu suka saki, kuma ba a tambayar mace dalilin sakin labulenta.

Masu son cirewa kuma su lura da Facebook. Can hoton da yake kai a yanzu kowa yana iya ganinsa, kuma canja shi ba ya goge tsohon. Yana nan kwance a kundin hotunan da ka taɓa sawa, sai ka shiga da kanka ka goge su ɗaya bayan ɗaya. Wanda wani ya riga ya kwafa kuwa ya tafi ke nan.

Don Allah, in hoton 'yar'uwarki ya ɓace kuma abin ya tsaya miki a rai, kada ki kai maganar gidan maƙwabta. Ki sa kati ki kira ta, ki ce: "Anti, lafiya kuwa? Na ga kin cire DP."