Baturen Samaru da Farashin Tumatir

Samaru ta san Turawa tun ba yau ba. A 1922 aka kafa tashar gwajin noma a nan, kuma da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan ne. Dattawan da suka yi aikin kuku da gadi a gidajen malamai har yau suna ba da labarin zamanin da 'yan Ingila da Indiyawa suka cika unguwa. Da naira ta fara rama bayan 1986, yawancinsu suka tattara nasu ya nasu. Wanda bai nuna alamar tafiya ba, irin su Patrick Wilmot ɗan Jamaika, gwamnatin Babangida ta ɗora shi a jirgi a 1988. Yanzu sai ɗai-ɗai, shi ya sa in guda ya faɗo gari, daga Hayin Dogo har Palladan kowa ya san launin rigarsa kafin la'asar.

Baturen zamanin nan ba ya zuwa da akwatin littattafai. Jakar goyo ce, da gorar ruwa, da kwamfuta. In ka tambaye shi sana'a, ya ce manhaja yake rubutawa, iyayen gidansa suna can ƙetare, albashi kuma ta intanet yake isowa. Sai mai gidan haya ya gyaɗa kai ya ce, "Ai Bature akwai ilimi." Wannan mai gidan fa shi ne ya kori wani ɗalibi bara, don yaron na wuni a ɗaki da kwamfuta kuma ba ya rasa kuɗin cefane. Shi an ce ɗan damfara ne.

Haka abin yake wajen shaƙatawa. Da asuba Baturenmu zai ɗaura gajeren wando ya yi ta gudu a gefen titi, ba wanda ya biyo shi, ba wanda yake bi, jama'a na cewa a bar shi, lafiya yake nema. Da yamma ya rataya madubin hangen nesa ya tafi bakin madatsar ruwan jami'a, ya yi awa biyu yana leƙen tsuntsu, yana rubutawa a ɗan littafi. Ran Asabar ya hau dutsen Kufena, ya tsaya a ƙoli, ya sauko. Bai yanko ciyawa ba, bai kamo ko gafiya ba. Magidancin Samaru ya kuskura ya yi ɗaya daga cikin ukun nan, kafin azahar surukai sun kira mai ruƙiyya.

A nan zan ɗan yi masa adalci. A wata guda ya je Kano ya ga marinar Ƙofar Mata, ya dawo ya shiga birni ya ƙare wa Masallacin Juma'a kallo, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Mu da aka yanke wa cibiya a Zazzau, da yawanmu ba mu taɓa ɗaga kai mun dubi bakan ginin ba, sai ranar da Bature ya roƙi mu raka shi, mu riƙa bayani da cikakken ƙarfin hali, rabi tarihi rabi ƙage.

Sai batun Hausa. Da ya iya "sannu" da "na gode", shi ke nan, an yanke hukunci: ya fi jaki jin Hausa. A kira yara su zo su ji, a laƙaba masa suna, a ɗinka masa babbar riga. A Sabon Gari kuwa, garin da ya tashi da zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, ga Ibo mai sayar da kayan gyaran mota wanda a nan aka haifi ubansa, yana karin magana yana habaici da Hausar da ko a Ƙofar Doka sai a saurara. Ba wanda ya taɓa kiran yara su zo su ji shi. Har gobe tambayarsa ake yi yaushe zai je gida.

Amma inda abin ya fi daɗi shi ne babban aikin da Baturenmu ya ɗora wa kansa don taimakon talaka. Ya lura ba a rubuta farashi a kasuwa, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya ƙudura zai yi manhajar da za ta faɗa wa kowa kuɗin kwanon shinkafa da kashin tumatir a waya, a huta da ciniki. Kullum ya tari Keke Napep daga Samaru, a bi da shi ta Kwangila a sauke shi kasuwar Sabon Gari, ya biya kuɗin mutum huɗu yana godiya. Ya bi rumfa-rumfa.

"Nawa tumatir?"

"Yallaɓai, kai namu ne, kawo dubu biyu."

Ya rubuta. Bayan ya wuce, wata tsohuwa ta ɗauki kashin nan a ɗari biyar, har da gyara. Wata shida yana tara alƙaluma, duk kuɗin Bature ne. Bai gane cewa farashi a kasuwarmu yana duban takalmin mai saye, da tsawon gaisuwarsa, da ko ya tambayi jikin mahaifiyar mai rumfa ba. Wane gurbi za a buɗe wa wannan a kwamfuta? Ga wuta da ke ɗaukewa daidai lokacin da zai adana aikin, ga janareton maƙwabci na taya shi tunani.

Kada dai mu cika dariya. A shekarun 1960 David Norman na cibiyar binciken noma ta Samaru ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi da takarda da alƙalami, daga ƙarshe ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce, ba jahilci ba. Kakanninmu sun shekara ɗaruruwa suna yi, amma sai da aka buga da Turanci masu digirinmu suka yarda.

Saboda haka ranar da aka ƙaddamar da manhajar tumatir, ɗaki ya cika. An yi jawabai, an ci shinkafa, kowa ya sauke ta a waya, mutum goma sha sun ja Baturenmu gefe kan maganar biza. Masu rumfa ma sun sauke, su ne ma suka fi kowa murna. Yanzu in ka taya kashin tumatir ɗari biyar, sai mai kaya ya zaro waya ya nuna maka.

"Malam, duba da idonka. Dubu biyu. Bature ne ya rubuta."