Rago Na Ɗaure, Kuɗin Mota Babu

Mu fa a unguwar nan, ciki na shiga wata bakwai an fitar da anko, maigida ya fara taya rago, ƙanwar miji tana lissafin gidajen da za a kai wa goro. Tambayi kuɗin motar da za ta kai mai cikin asibiti in naƙuda ta tashi da tsakar dare, sai a ce maka Allah zai rufa asiri.

Naƙudar ta zo kuwa, in ta fari ce, yarinya ta yi gum don kunya, tana murƙususu a ɗaka har sai an jiyo nishinta. Iya ta kawo rubutu, maƙwabciya ta jiƙo nata sassaƙen, ungozoma ta ce a ƙara haƙuri, kai ya kusa. Wata ta ambaci asibiti, a ce ai maigida ya tafi cin kasuwa, wayarsa a kashe, wa zai ba da izini? Haka za a kwana a yini. Alhali jini in ya ɓalle bayan haihuwa, cikin awa 2 yana iya tafiya da mace. Kumburin fuska da ciwon kan da muke cewa kowace mai ciki tana yi, sau da yawa hawan jini ne, da ta je awo da an gano. Shi ke zama jijjiga, mu kuma mu ce iska ce, a kawo turare.

To, a isa asibitin ma! A yanki kati, a sayo safar hannu, a jira likita ɗaya tilo da ke ɗakin tiyata, wataƙila kuma babu wuta. Wannan kam ba laifinmu ba ne. Amma a ce a kawo jini leda biyu, sai ka ga ƙartin da suka yo rakiya suna zamewa, wannan azumi yake, wancan wai shi ma nasa bai ishe shi ba. A ce aiki za a yi, a tsaya neman mai sa hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Malam, kafin ka ɗaure ragon nan, ka bar izini da kuɗin mota a hannun iya.