Ladubban Yawon Buɗe Ido a Tsibirin Pinang ga Abokai 'Yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Tun da 'ya'yan ƙasar nan suka fara kwarara zuwa Maleshiya neman ilmi mai zurfi, wasu a Jami'ar Kimiyya ta Maleshiya wadda aka kafa a tsibirin Pinang cikin 1969, wasu a Jami'ar Utara da ke Sintok ta jihar Kedah, sai wata sabuwar al'ada ta fara leƙowa zaurukanmu, watau abokan yarinta su haɗa baki su ce za su je taya nasu murnar kammala karatu, su kuma kashe ƙwarƙwatar ido da ganin teku, alhali yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Mairuwa faɗi ba. Wannan niyya kyakkyawa ce, ina kuma bayanta da zuciya ɗaya, domin mutumin da ya yi shekaru yana barci da kunne ɗaya a buɗe saboda masu fitowa daga daji ya cancanci mako guda wanda babu mai tashinsa sai ladanin asuba. Sai dai wajibi ne a faɗa wa matafiya gaskiya tun suna gida: tsibirin ba zai ba su wahala ba, domin duka faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita wajen 300 ba, bai ko kusanci ƙaramar hukumar Faskari ba, wahalar tana tare da su a cikin mota tun daga Funtuwa, ta sha babbar riga, tana kiran kowa da sunan da aka daina kiransa da shi tun firamare. An ruwaito cewa Sayyidina Umar bai yarda mutum ya ba da shaidar halin wani ba sai in ya yi maƙwabtaka da shi, ko ya yi cinikin kuɗi da shi, ko ya yi tafiya da shi, ga shi kuwa wannan tafiya ta haɗa ukun a ɗaki guda.

Sharaɗin farko, wanda in babu shi sauran ba su tsayuwa, shi ne naɗa amiri, kamar yadda sunna ta koyar ga mutum uku in sun fita tafiya. Kada a naɗa wanda ya fi kowa kuɗi, domin zai ɗauka ya sayi shawarar kowa, kada kuma a naɗa wanda ya fi kowa Turanci, domin zai tsaya hira da direba har rana ta faɗi. A nemi wanda ya taɓa raba faɗa tsakanin dillalan shanu biyu a kasuwar Sheme suka rabu kowa yana yi masa godiya, wannan shi ne amiri, ko da bai taɓa wuce Zariya ba. In amiri ya fito daga Ƙanƙara, to ma'aji ya fito daga Sabuwa, mai riƙe da takardun masauki kuma daga Faskari, domin kada a dawo gida wani gari ya ce an yi masa taron dangi. Ma'aji kuwa a tara masa kuɗin abinci da na mota gaba ɗaya tun kafin a tashi, a ba shi littafi da biro, a kuma yi masa alkawari gaban shaidu cewa babu wanda zai tsaya a bayansa yana mayar da kowane ringit zuwa naira da ƙarfi. Wannan cuta ta lissafi tana kama mutum ne da kofin shayi na farko, in ba a yi maganinta ba sai ka ga Alhaji mai rumbu uku yana kallon farantin shinkafa yana ƙirga tiyar masarar da ta tafi a ciki, har abincin ya huce.

Akwai sharaɗi na biyu wanda ba na raha ba ne, ina kuma roƙon mai karatu ya riƙe shi da hannu biyu, shi ne kame baki. Mutanen da suka ga yadda aka sace ɗalibai a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disambar 2020 ba su bukatar a yi musu dogon bayani kan cewa labarin wane ya tafi ƙasar waje yana da ƙafafu, yana kuma iya isa kunnen da ba a nufa ba. Saboda haka a sallami iyaye da iyali, a nemi albarkar malamai, a bar sauran duniya ta ji bayan an dawo. Hotunan da za a ɗauka su yi haƙuri a cikin waya, kada ko ɗaya ya hau Facebook sai kowa ya kwana a ɗakinsa. Haka nan kada wani ya karɓi ƙunshin da bai ga cikinsa ba, ko da mai ba shi ya rantse da Alƙur'ani cewa kuka ce da daddawa, domin dokar Maleshiya kan safarar ƙwaya tana kaiwa har ga hukuncin kisa. Biza a neme ta da wuri, katin rigakafin shawara a sa shi cikin fasfo, kilishi da dambun nama kuwa a cinye su a hanyar Kano cikin mutunci, ya fi a tsaya ana kallon jami'in kwastan yana jefa su cikin kwando. Yaji da garin ƙuli-ƙuli su ne abokan tafiya na ƙwarai, in an tambaya a nuna su.

Lokacin tafiya ya zama bayan kaka, an kai masara gida, an auna auduga, an biya 'yan ƙwadago, domin Janairu da Fabrairu su ne watannin da ruwan sama ya fi sauƙi a Pinang, kuma manomin da ya bar gona a tsakiyar damina jikinsa ne kaɗai zai hau jirgi. A sani dai cewa za a fita daga hunturu ne, da leɓɓa a tsattsage, a faɗa cikin zafi mai gumi wanda ba ya bushewa, don haka shaddar nan mai sitaci da aka ɗinka domin tafiyar a adana ta ga sallar Juma'a da ranar bikin digiri, sauran kwanaki a sa yadi mara nauyi. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano ana bi ta Adis Ababa ko Doha a sauka Kwala Lumfur, daga nan kuma ko jirgin sama na kusan awa guda, ko jirgin ƙasa zuwa Butterworth a ƙetara da jirgin fito, ko mota ta bi gadar da aka buɗe a 1985 mai tsawon kilomita 13.5, wadda a kanta ne galibi mai surutun ayari yake yin shiru karon farko. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, saboda haka wanda ya idar da sallar asuba ya ce bari ya gaida uwargida, ya tuna cewa a Sabuwa sha ɗayan dare ta gota, kuma amsar da zai samu ba lalle ta zama ta mai marmarinsa ba.

Yanzu sai mas'alar da ta fi kowace tayar da ƙura a daren farko. Mu nan mun tashi gabas ce alƙiblarmu, har wanda bai san komai ba ya san haka, amma Pinang tana can gabas da Makka, don haka mutanenta yamma suke fuskanta, da ɗan karkata zuwa arewa. Kowane ayari yana da malaminsa, wanda ya sauke Ahalari da Iziyya ya kuma taɓa Risala, kuma zuciyarsa ba za ta so ya ba fitowar rana baya ba. Amiri ya kama hannunsa cikin ladabi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗaga kai ka duba rufin ɗaki," domin a masaukai da yawa akwai 'yar kibiya da aka manna a can tana nuna alƙibla. In an je masallaci kuma a san cewa Musulmin ƙasar Shafi'awa ne: limaminsu yana bayyana Bisimilla a Fatiha, yana kuma yin alƙunutin asuba a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, hannuwa a sama, mamu suna amsawa da amin, ba irin namu na Malikiyya da ake yi a asirce kafin ruku'u ba. Wanda ba a gargaɗa ba, da an ɗago daga ruku'un raka'a ta biyu zai sulale zuwa sujada shi kaɗai, ya daɗe goshinsa a ƙasa yana jin amin tana tashi a bisa kansa, sa'an nan ya miƙe a hankali yana addu'ar kada ɗan Faskarin da ke gefensa ya lura, alhali ya lura, kuma zai ba da labarin har jikoki. Game da ƙasaru kuwa, mazhabarmu ta ce wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya cika sallarsa, saboda haka mai son ya yi mako guda yana raka'a bibbiyu a bakin teku sai ya nemi wata hujjar.

Abinci ba abin tsoro ba ne. A nemi shagunan nasi kandar, sana'ar Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya, inda ake zuba shinkafa a kwarara mata miya iri uku ko huɗu a haɗe, da kaza ko kifi, har da kuɓewa, a kuma ci da hannun dama ba mai kallon kowa. A lura dai cewa duk abin da yatsa ya nuna ana lissafa shi, don haka mai yawan nuni ya tsaya kusa da ma'aji. Rumfunan Sinawa kuwa da yawansu suna aiki da naman alade da kitsensa, sai a duba tambarin halal kafin a zauna. Wanda zai fara kukan tuwo a rana ta biyu a ba shi yaji ya barbaɗa, a bar shi ya yi kukansa, haƙƙinsa ne. Wajen ƙetare titi a fara duba dama, domin motocinsu hannun hagu suke bi, yadda namu suke yi kafin 1972.

Idan an fita yawo cikin George Town, birnin da Francis Light ya kafa wa Turawan Ingila a 1786, wanda kuma UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, mai hoton ayari zai so a tsaya gaban kowane bango mai zane, sai amiri ya yanka masa adadi kamar yadda ake yanka wa mara lafiya magani. Amma akwai wuri guda da nake roƙon kada a yi gaggawa a cikinsa. Bayan an yi nafila a masallacin Kapitan Keling, wanda 'yan kasuwa Musulmin Indiya suka assasa a 1801, a taka kaɗan zuwa masallacin Lebuh Aceh, wanda wani attajiri Sharifi daga Aceh ta Sumatra, Tengku Sayyid Husaini Al-Aidid, ya gina a 1808. A wannan unguwa ce maniyyata daga ƙasar Malayu da Sumatra da kudancin Tailan suke taruwa a zamanin da, su kama ɗakuna, su sayi guzuri da littattafai, su jira jirgin ruwan da zai kai su Jidda, 'yan rakiya kuma su cika titi da kuka da addu'a, har zuwa lokacin da jirgin sama ya karɓe aikin. Duk wanda ya ji labarin kakanninmu da suka bi ta Barno da Cadi da Sudan a ƙasa, suna noma a hanya suna tara kuɗin jirgin Bahar Maliya, wasu su shekara bakwai wasu su tare a can har abada, zai gane cewa waɗannan mutane da namu ɗaki ɗaya suka nufa daga fuskoki biyu, kuma ba mamaki wani Bakatsine da wani ɗan Aceh sun taɓa haɗa kafaɗa a sahu guda ba tare da ɗaya ya ji harshen ɗaya ba. A zauna a nan a yi musu Fatiha, mai hoto ma ya mayar da wayarsa aljihu.

Tsaunin Pinang, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 833, ana hawansa da wani ɗan jirgin ƙasa da igiyar ƙarfe ke ja, wanda aka fara aiki da irinsa tun 1923. Mai tsoron bisa a sa shi tsakiya, a bar shi ya ja carbinsa, kada a yi masa dariya sai an sauko. A lambun itatuwa da aka kafa a 1884 kuwa birai ne masu gari, ba su san Alhaji ba, ba su san hakimi ba, duk ledar da ta yi ƙara tasu ce, don haka garin ƙuli-ƙuli ya kwana a masauki. A bakin tekun Batu Ferringhi wanda ya ce ya iya ruwa domin ya taɓa ƙetare rafin garinsu da damina a riƙe masa riga, a bar shi ya tsoma ƙafa zuwa gwiwa, domin wannan gaɓa ce igiyar tsunami ta 26 ga Disambar 2004 ta taɓa, har ta ci rayuka. In lokacin salla ya yi, ga masallacin Tanjung Bungah nan kusa, an kafa shi bisa ginshiƙai a cikin ruwa.

Sai duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya wanda mutanen ƙasar suke ɗaukaka shi bisa dukan 'ya'yan itatuwa, wanda warinsa yake kamar an rufe daddawa da albasa a tukunya guda an manta da su a rana, cikinsa kuwa zaƙi da maiƙo. Kakarsa a gonakin Balik Pulau tana zuwa ne wajen Yuni da Yuli, daidai lokacin zuba taki a gida, amma in an dace da shi a kasuwa kowa ya ɗanɗana, a kuma cinye shi a inda aka saya, domin masaukai da yawa sun haramta shiga da shi, kuma wanda ya ɓoye shi cikin jaka da nufin tsaraba babu ɗan sandan da za a kira, hancin mai shara ya isa.

Tsaraba a saye ta rana guda, a wuri guda, iri guda, domin in zanen batik na matar wane ya fi na matar wane kyau, matan za su sani kafin a kwance akwati. Ma'aji ya karanta lissafinsa a filin jirgi gaban kowa, a raba canji har kwabo na ƙarshe, a yafi juna. Sa'an nan, kafin mota ta iso Funtuwa a rabu, wasu su yi Sheme da 'Yankara, wasu su yi Ɗandume, amiri ya tsayar da direba, a zauna a daidaita riwaya: tsawon igiyar ruwa nawa ne, birai nawa ne suka kori Alhaji, kuma wa ya fara gudu. Abin da aka yi ittifaƙi a kansa shi za a faɗa a zaurukan garuruwan uku, kuma wanda yake son ƙara wa birai yawa ya nemi izinin amiri ta waya tukuna.