Yaran Yanzu, In Ji Yaran Jiya

Duk majalisar da ka zauna a garin nan, ko ta ƙofar gida ce bayan sallar isha'i, ko ta teburin mai shayi, ko ta mata a gidan suna ana jiran a sauke tukunya, hira ba ta tashi sai an taɓa yaran yanzu. A fara da tsadar masara, a gangaro kan wutar lantarki, a ɗan caccaki 'yan siyasa, sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ni dai yaran nan, sai dai Allah ya shirya." Kowa ya amsa da amin, a gyara zama, don an zo fagen da kowannenmu shehi ne. Ba su da kunya, ba sa karatu, ba su san girman na gaba ba, waya ta cinye musu ƙwaƙwalwa. Mai jawabin kuwa kansa a sunkuye yake, babban yatsansa na ta shafar gilashin tasa wayar, har sai an zungure shi an ce, "Alhaji, kai muke ji." Shi kuma wanda ake yi wa shari'ar yana tsaye da tiren shayi a hannu, yana jin komai, ba mai ce masa kanzil. Mu ne masu ƙara, mu ne shaidu, mu ne alƙalai, ga shi ba ma ɗaga zama.

Mu fara da wayar, tunda ita ce uwar laifuffuka. Da dare ka ƙwace ta daga hannun yarinya, ka yi rantsuwa ba za ta ƙara ganinta ba sai ta gama jarrabawa. Gari na wayewa kai ne kake ƙwala mata kira, "Ke, zo ki duba min, wai an ce an turo kuɗi amma ban ga komai ba." Ita ta buɗe maka WhatsApp, ita ta san lambar sirrinka ta banki, ita ke goge hotunan barka da Juma'a da suka cika maka waya har ta daina numfashi. In mahaifiyarta za ta yi kiran bidiyo da 'yar'uwarta da ke Makka, yarinyar ce ke riƙe wayar, in ba haka ba rufin ɗaki da rabin goshi kawai za a gani a can. Tana gama aikin kuma mu ce ta ajiye ta ba mutane wuri, abin nan ba na yara ba ne.

Kuma wai mu ne muke tsoron kada a yaudare su a intanet. To, a watan Agustan 2014, lokacin fargabar Ebola, wa ya tashi mutanen gida da tsakar dare ya ce a dafa ruwan gishiri a yi wanka, a kuma kurɓa? Yaran suna barcinsu, mu muka tashe su, saboda an bugo mana waya an ce an ce. Har asibiti abin ya kai wasu. Har yau ba mu daddara ba: duk saƙon muryar da aka fara da salati aka rufe da "tura wa mutum goma", sai mun tura wa ashirin. Yaro ya leƙo ya ce, "Baba, bidiyon nan fa haɗa shi aka yi da ƙirƙirarriyar basira, ku dubi bakinsa, bai dace da maganar ba." Mu harare shi mu ce wato ya fi wanda ya turo sani ke nan. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, haka ne, amma rimin nan na cikin waya su suka san reshensa.

In ka saurare su, ba sa kallon wayar nan yadda muke kallonta. Mu wurin gulma da wa'azi muka ɗauke ta, su kuwa kasuwa ce da makaranta da filin wasa a haɗe. Yarinya ta koyi yin kek da yankan abaya a YouTube, ta ɗora hoton a TikTok, ta sami masu saye daga unguwar da ba ta taɓa takawa ba. Yaro ya koyi haɗa sola da gyaran hoto. Suna kuma ɓata dare suna kallon shirme, wannan ba mai musu, sai dai ba su kaɗai ba. Ku tuna 2024, shekarar dangwale. Muka yi ta yi musu dariya, wai mutum da hankalinsa ya zauna yana ƙwanƙwasa gilashi yana jiran dala. Da Notcoin, ɗaya daga cikin manhajojin dangwalen, ta fashe a watan Mayu, aka ga wasu yara da sabuwar waya, sai ga dattijo da furfurarsa yana jan ɗansa gefe, "Kai, abin nan naku, ba za a sa min a tawa ba?" Haka muka dangwali Hamster mu da su, a masallaci kafin a tada iƙama, a ofis, a gidan biki. Da ta fito a watan Satumba da kuɗin da bai kai na datar da aka ƙona ba, sai muka koma majalisa muka ce dama mun faɗa musu.

Sai batun karatu, inda muka fi ɗaga murya. "Mu a zamaninmu mun haddace Magana Jari Ce." Madalla. Littafin Abubakar Imam ya fara fitowa tun 1937, ya cancanci duk yabon da ake yi masa, amma a shiga gidajenmu a nemo kwafi ɗaya. Kabet cike da tangaran ɗin da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, talabijin ta cinye rabin bango, littafi kuwa in ka cire Alƙur'ani da 'yan littattafan addini, sai dai tsohuwar kalanda. Muna wuce ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano safe da yamma, da yawanmu ba mu san launin kujerun ciki ba. Mu sayi shadda ta dubu hamsin ba tayi, yaro ya ce an ce ya sayi littafin dubu uku, mu ce malaman nan sun cika son kuɗi, ya je ya ara.

Abin dariyar ma shi ne iyayen da ke faɗan nan su ne 'yan matan da suka ɓoye In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a cikin littafin lissafi, malami na gaban allo suna can suna sharar hawaye. Su ne suka yi ta karɓar hayar littattafan Bilkisu Funtuwa a shagon unguwa, a karanta a daren, a mayar da safe. A lokacin ma cewa aka yi littattafan soyayya sun lalata tarbiyya, har a 2007 aka tara su a Kano aka cinna musu wuta. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya sha suka, yau ga shi ana nazarinsa a jami'a, mu kuma muna tinƙaho da shi kamar da mu aka rubuta. Wanzami dai ba ya son jarfa.

'Ya'yan nasu kuwa suna karatu, ba a takarda ba ne kawai. Yarinyar da kike ganin ta ƙura wa waya ido tun magariba, wataƙila babi na sittin take na wani labari a Wattpad, ko a zauren WhatsApp inda marubuciya ke sakin shafi kullum, a tura mata 'yan ɗaruruwa a shiga. Wasu sauraro suke a YouTube suna wanke-wanke. A ciki akwai na banza da bai kamata ko babba ya karanta ba, kuma ya dace uwa ta sa ido. Amma tambayi yarinyar me take samu a ciki, za ta ce miki a nan ake maganar auren dole, da sakin wulaƙanci, da 'yar aikin da ake zalunta, da abin da kawu ya yi wa yarinya aka ce a rufa asiri, wato duk abin da muke yin shiru in ta shigo ɗaki. Daga cikin masu irin wannan karatun ake samun masu shiga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Ranar da 'yar unguwa ta yi nasara, mu ne kan gaba wajen cewa tun tana ƙarama muka ga alama.

Muna kuma cewa ba su san tarihi ba, ba su san Sardauna ba, ba su san Malam Aminu Kano ba sai a sunan filin jirgi. Darasin tarihi dai an cire shi daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai bayan shekaru fiye da goma aka dawo da shi. Ba yara ne suka zauna taron cirewar ba.

Tambayar da muka fi ƙauna ita ce, "Me kake so ka zama?" Ba amsa muke nema ba, don mun riga mun rubuta ta tun ranar suna: likita, in ta ƙi injiniya, in ta ƙi lauya. Yaro ya ce shi zane yake so, ko haɗa manhaja, ko a kai shi kasuwar waya ta Farm Centre ya koyi gyaran waya, sai a yi salati a tafa hannu. A tura shi ajin kimiyya da ƙarfin tsiya, alhali lissafi da shi ba sa ga maciji. Shi kuwa yaron ba makaho ba ne. Ya ga yayansa ya yi zaman gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, ya ga ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo ya kafa lema yana POS a bakin titi. Ya ji cewa a JAMB ta 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. In ya ce yana son sana'a a hannu tare da takardar, ba lalaci ba ne, lissafi ya yi, irin wanda ba a koyarwa a aji. Ranar taron makaranta kuma ya hau mumbari ya ragargaji cin hanci da Turanci, mu yi ta tafi muna ɗaukar bidiyo, mako na zagayowa mu je mu biya masa kuɗin cibiyar da ake ba da satar amsa, don kada ɗan wane ya fi shi sakamako.

Na 'yan mata ya fi ban dariya, in abin dariya ne. Duk cikinmu ba wanda yake so namiji ya duba masa iyali a asibiti. Mu yi ta faɗa a layin awo, ina likitoci mata, ina ungozomomi, gwamnati ta gaza. To, 'yarka ta ce tana son karatun likita, shekara shida ban da horo. Nan take sai lissafi ya canza: shekarunta nawa in ta gama, wa zai jira ta, me dangi za su ce. Likita mace muna so ƙwarai, amma daga gidan maƙwabci. Su kuma 'yan matan yanzu sun iya amsa cikin ladabi, "Abba, ai ba a ce aure da karatu ba sa haɗuwa ba, ku dai ku sa shi cikin sharaɗi." Ka rasa ta cewa, sai ka ce wa ya koya mata wannan magana.

Kan al'amuran gari ma suna da bakin magana, mu ne ba ma bari su kai aya. Ka ce shaye-shaye ya gama da matasa, yaro ya ce, "Kawu, da aka hana kodin a 2018, an kama ɗan shekara sha shida da kamfanin magani?" Ka ce 'yan daba da masu ƙwacen waya sun hana mu sakat, ya tambaye ka wa ke loda su a mota ranar kamfe. Ka yi wa'azin tausayi, ƙanwarsa ta ce to almajirin gidanmu da ke wanke bayi, sa'an autanmu ne fa, me ya sa ba a sa shi makaranta tare da shi ba? Irin wannan tambayar ce muke kira rashin kunya, don ba mu da amsarta. Kuka da tsadar lefe kuwa sai a gidan da ake da ɗa namiji. Ranar da aka zo neman 'yarmu, mu ne masu ƙirga akwati.

Muna kiransu manyan gobe, goben da kullum ake ɗaga ta. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. A 2018 aka sa hannu kan dokar da ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha zuwa 25, amma matashi na fitowa za mu ce yaro ne, man kaza, ya bari ya girma. Mun manta Yakubu Gowon yana da shekara 31 ya zama shugaban ƙasa a 1966, Murtala yana da 36 a 1975, Abubakar Rimi bai cika arba'in ba ya hau kujerar gwamnan Kano a 1979, kuma har gobe su muke kafa misali da su. Da zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke a Agustan 2024, muka ce me yara suka sani game da farashin mai. Sai da aka gurfanar da wasunsu a kotu a Abuja a farkon Nuwamba, muka ga ƙananan yara na faɗuwa don galabaita, sannan jikin kowa ya yi sanyi, aka yi ta kira har aka sake su. Yaron da ake aika awo kullum, ya ga kwanon shinkafa ya ninka a hannunsa, ai ba sai an karanta masa jarida ba.

Ba cewa nake waliyyai ne ba. Suna da taurin kai, suna da gaggawa, gaisuwar wasunsu a tsaye take kamar ta soja, kuma in ka aike su sai sun gama kallon abin da suke kallo. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu ma iyayenmu sun yi kuka da mu kan gidan sinima da kaset ɗin Indiya da wando mai faɗin ƙafa.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, yau in an idar da isha'i a kira yaron nan ko yarinyar, a ce su zauna, a tambaye su me suke karantawa da abin da suke so su zama. A daure a bar su su kai ƙarshen magana kafin a ce "mu a zamaninmu".