Kunun zaki bai san doka ba

A Doha, sayen giya a kai gida sai da lasisi, a shagon QDC da ke Abu Hamour, kuma a Janairun 2019 haraji ya ninka kuɗinta. Ko a gasar kofin duniya ta 2022, ana saura kwana biyu a fara aka hana sayar da ita a filayen wasa, kamfanin giya na Budweiser na ji na gani. Dafa ta a gida kuwa neman rigima da hukuma ne.

To, amma wa ya karanta wa kunun zaki wannan doka? Manta gorar kununka a mota cikin zafin Yuli ka gani: ta kumbura, murfi na tsartuwa, kumfa na tasowa, tsami ya cika mota. Malam, tuttular da shi maza, kafin maƙwabci ya shinshino ya ce ka fara koyon burukutu.