Masanan Kaka a Kagara

Da damina ba ka samun mai dogon surutu a Kagara. Mutum ya wuni duƙe a gona, in ya dawo ya ci tuwo, da ƙyar idonsa ke kaiwa isha'i. Amma bari a yanke gero, a ɗaure dammuna, rumbu ya cika a ɗora masa jinka, sai ka ga bakin kowa ya buɗe. Tun daga Goronyo har Wurno da Rabah, duk bencin da aka ajiye gaban mai shayi yana da nasa masanan, kuma babu wanda ya taɓa neman shaidar karatunsu.

Wanda za ka fara jiyowa tun daga nesa shi ne ɗan ƙwallo. Ba ya bugawa. Rabonsa da gudu tun ranar da jakin maƙwabci ya shiga masa wake. Shi dai komai "mu" ne: mun sayi ɗan wasa, mun kori koci, bana kofi namu ne. Gasar Ingila tana farawa a watan Agusta, lokacin da gona ba ta bar shi ya sha iska ba, don haka da kaka yake rama kallon da ya wuce shi. Yakan sayar da tiya biyu ta wake, ya biya kuɗin gidan kallo, ya nemi bencin gaba kusa da talabijin, inda hayaƙin janareto ke shigowa ta taga. In ɗan Arsenal ne, duk inda gardama ta biya sai ta sauka a 2004, shekarar da suka gama gasa ba a doke su ba, ko da kuwa a lokacin yana goye a bayan innarsa. Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland a 2018 kuwa, yadda yake ba da labarinsu sai ka rantse shi ya miƙa masa ƙwallon. Tambaye shi da wa Sokoto United ta kara a filin Giginya, sai ya tuna an aike shi.

A gefensa akwai dattijon da ke jiran ya ja numfashi. "Kai yaro, wanga abin da kuka kallo wasan ɗiya na," in ji shi, sai ya naɗe hannun riga. Shi masanin dambe ne. A zamaninsu, da an gama girbi mahauta ke tasowa da kalangu gari gari, a naɗe hannu da zare, a shiga fili, turmi uku a san namiji. Ya ga Shago da idonsa, ya ji Ɗan Anace yana wasa shi, kuma kowace shekara wurin da ya tsaya a ranar yana ƙara matsowa kusa da fili. Bara a bayan makaɗa yake, bana shi ya riƙe wa Shago riga. Yana da tabo a goshi wanda yake nunawa a matsayin shaida, alhali duk garin an san ƙahon sa ne. Ba mai faɗa masa, don girmansa, kuma don in ba shi babu mai kawo wa majalisa labarin kokawar Nijar da takubban Issaka Issaka na Dosso.

Sai mai waya. Wannan da ya sayar da amfanin gonarsa bai zame ko'ina ba sai Sakkwato, ya dawo da Tecno mai faɗin fuska, ledar jikinta ma ya hana a ɓare. Rabin ranarsa tana ƙarewa a shagon mai caji, yana leƙen ko ta cika, sauran rabin kuma yana ɗaga ta sama yana neman sabis. Duk saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp gaskiya ne, musamman in mai maganar ya fara da rantsuwa. Abokin gabarsa shi ne tsohon da ke rataye da rediyo, wanda bai yarda da labari ba sai ya ji shi daga Landan, inda sashen Hausa na BBC ke magana tun 1957. Tsohon nan ya taɓa samun ranarsa. A 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, mai waya ya zama maraya, ya dawo yana raɓe kusa da rediyo yana cewa, "Baba, ƙara muna murya kaɗan." Har yau Baba bai bar maganar ta kwanta ba.

Masanin siyasa ya fi kowa haɗari, domin shi ba ya jiran a tambaye shi. Ya san abin da Wamakko ya faɗa wa Gwamna Ahmed Aliyu a ɗaki su biyu, ƙofa a rufe. Ya san dalilin da ya sa Tambuwal ya sha da ƙuri'a 342 kacal a 2019, kuma a lissafinsa aƙalla arba'in daga cikinsu shi ya kai su rumfa a kan babur. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ya samu abin riƙewa, kuma a nan kam ba na ganin laifinsa, don duk mai injin ban-ruwa a fadamar Rima ya san abin da litar fetur ta koma. Inda muke rabuwa da shi, a ƙarƙashin katifarsa akwai hular kowace jam'iyya, wadda ta zo da buhun taki ita yake kaɗe wa ƙura. In aka matsa masa sai ya tsere Rabah ya ɓuya bayan Sardauna: ai tun da aka rasa Gamji ba a sake shugaba ba.

Akwai kuma mai lura da dam ɗin Goronyo, wanda kullum yana da rahoton ko an buɗe ƙofa ko ba a buɗe ba. Shi kaɗai ba a yi wa dariya sosai. Wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya shigo Kagara, ba ya wasa da wannan zance. Mai tattabaru kuwa jikinsa ne kawai a majalisa, idonsa na sama yana ƙirga, kuma ya tabbata ɗaya daga cikin mazauna bencin nan ne ya janye masa farar macen nan da gero.

Gwanin kowa a wurina shi ne mai shirin ƙarin aure. Kowace kaka da shi ake rufe dare. Yakan share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya fara lissafi: dammin gero kaza, buhun shinkafa kaza, sai albasar da zai kai kasuwar Achida in rani ya yi. Albasar nan fa ko dashe ba a yi ba, irin yana nan a kwami bai kai tsawon yatsa ba, amma ya riga ya sayar da ita a farashin da ba a taɓa ji ba, ya cire sadaki, ya cire kayan lefe, har da canjin fentin ɗaki. Masanin siyasa ya yi alkawarin kawo ɗan majalisa ɗaurin aure, mai waya zai ɗauki hoto. Ana cikin zaɓen rana sai ga ƙaramin yaro da fitila a hannu: "Baba, Inna ta ce ka taho, akuya ta kwance, kuma ta ce ka biya ka amso mata bashin manjanta." Bara ma daidai nan lissafin ya tsaya.