Kun Ce 112 Ba Ta Aiki, To Wa Ya Gwada?

Masu cewa "ai nan Nijeriya ce," sannunku da hutawa. Ku gyara zama a bencin mai shayi, yau da ku nake. Daga bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan har Gidan Waya, da wuya a ambaci lambar gaggawa ta 112 a majalisa ba a kwashe da dariya ba. Wannan ya ce lambar Turawa ce aka aro mana don wani ya ci kwangila. Wancan ya rantse ƙanin matarsa ya kira, aka saka masa kiɗa har batirinsa ya mutu. Ka ce a kawo ƙanin matar ya maimaita da bakinsa, sai a ce ai ya tafi Legas ci-rani.

Kafin ku ce an saye ni, bari in ba ku haƙƙinku. Shakkarku tana da asali. Kafanchan, garin da ya ga rikicin Maris na 1987, ya ji na Zangon Kataf a 1992, ya wayi gari kasuwarsa ta ƙone bayan zaɓen 2011, ya sha dokar hana fita ta awa 24 a ƙarshen 2016, ba za a zo masa da lamba uku a allon talla a ce ya yi guɗa ba. A Maris na 2016 wakilan al'ummomi daga ƙananan hukumomi biyar, Jema'a da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Kataf, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Shekarar ba ta ƙare ba aka afka wa ƙauyen Goska a jajibirin Kirsimeti. Wanda ya binne nasa a irin waɗannan ranaku, ba da shi nake zolaya ba, Allah ya ba shi haƙuri. Da ku nake, ku da ba ku taɓa danna lambar ba amma kun haddace aibinta.

Kuma akwai wata hujja da nake ba ku kyauta, don na san za ku so ta. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu ba su labari, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. Wato a ce maka in ka ga wuta ka kira, sannan a kashe sabis. Ku dara, wannan kam kun ci.

To amma "ba a yi komai ba" ɗin nan da kuke yi, a nan muka raba hanya. A 2017 aka kafa sansanin soja a yankin Kafanchan, kuma rundunar da a lokacin aka sani da Operation Safe Haven mai hedkwata a Jos ta miƙo ƙafa kudancin Kaduna. A shekarar aka kafa Hukumar Zaman Lafiya ta jihar. A 2019 aka buɗe ma'aikata sukutum ta tsaron cikin gida, aka ba Samuel Aruwan. Kuna iya cewa ba su isa ba, ko sun makara, ko motarsu tana isowa bayan an gama jana'iza, kuma sau da yawa gaskiyarku ce. Sai dai wanda ya makara daban, wanda babu shi daban. Wanda ya makara ana iya tsare shi a taron ƙaramar hukuma a tambaye shi dalili. Ku kuwa kun riga kun yafe masa tambayar, tunda kun ce babu shi.

Ita 112 ɗin ba siddabaru ba ce. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ita ta tsara kowace jiha ta sami cibiyar amsa kiran gaggawa. Kiran kyauta ne, ko babu ko sisi a wayarka zai tafi, muddin akwai sabis. Ma'aikaci ya ɗauka, ya ji abin da ya faru, ya miƙa wa 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko motar asibiti, ko hukumar agaji ta jiha. Aikinsa ke nan. Ba shi da tankar ruwa a aljihu, ba shi ne zai cike ramukan hanyar Kachia ba.

Yanzu ku ji yadda Malam Mai Shakka zai yi kiran in ta kama shi. "Ku zo! Ku zo! Wuta!" A ce ina? Ya ce Unguwar Rimi. Wace Unguwar Rimin, ta cikin garin Kaduna ko ta kusa da Kafanchan? Tsakaninsu tafiyar sa'o'i ce a mota. Ya ce, "Haba, bayan gidan Baba mai injin niƙa mana, inda bishiyar mangwaro take da, kafin a sare ta." Baiwar Allah da ke riƙe da waya a ɗaya ɓangaren ba ta taɓa taka Takau ko Katsit ba, ba ta san Baba ba, ba ta sha mangwaron ba. Da ya faɗi ƙaramar hukuma, ya faɗi gari, ya ambaci coci ko masallaci ko makarantar da ke bakin titi, ya ce mutum nawa abin ya shafa, ya tura yaro ya tsaya a mararraba yana jiran mota, da an rage rabin ɓatan lokacin. Amma gobe a majalisa labarin da za a ji shi ne "na kira ba su zo ba."

Ga kuma 'ya'yanku masu kira don su ji muryar mace, da masu filashin lambar da ba a cajin ko kwabo a kanta. Filashin ɗin me, jama'a? So kuke gwamnati ta biyo ku da kira ta tambayi lafiyar iyali?

Abin da ya fi ba ni dariya, ku da ba ku yarda da cibiyar gwamnati ba, kuna da taku cibiyar a WhatsApp, kuma ita ba ku taɓa tuhumarta ba. Murya ta shigo da tsakar dare, ba suna ba gari: an ga wasu a bayan dutsen Kagoro, a tura wa kowa. Kafin asuba an tura wa mutum ɗari, mata sun ɗaure kaya, 'yan acaɓa sun ninka kuɗi. Wani lokaci gargaɗin gaskiya ne, ya ceci rai. Wani lokaci hoton wata ƙasa ne na shekarun baya. A yankin da jita-jita ta sha hura wutar da aka yi shekaru ana kashewa, mai shakkar kirki a nan ya kamata ya nuna gwanintarsa. Ina "wa ya gani da idonsa" ɗin da kuke yi wa 112?

Haka batun ruwa. Kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA tana lissafa wuraren da ambaliya ke iya shafa, NEMA da aka kafa tun 1999 tana bi da gargaɗi a rediyo. Ku ce, su da Allah ne da za su san gobe? Sannan a juye shara a kwalbati, ledar fiya wata da ɓawon rake da tsohuwar katifa, a kafa shago a kan magudana. Agusta ta zo, ruwa ya shiga ɗaki, a fito ana neman hukumar agaji ta jiha, SEMA, da buhun shinkafa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kun fi ni sanin wannan, ku ne ma kuke faɗa wa yara.

Don haka ga abin da nake nema, kuma bai kai kuɗin shayi ba. Ku ajiye 112 a waya, ku haɗa da lambar DPO da ta mai unguwa, don ban ce ku dogara da layi ɗaya ba. Ranar da ta kama, ku kira, ku duba agogo, ku rubuta lokacin da aka ɗauka da lokacin da aka iso, ko ba a iso ba. Ku kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma wannan takardar, ku karanta ta a shirin rediyo na kiran waya. Kada dai wani ya tashi daga nan ya ce zai gwada yanzu don ya ƙaryata ni, alhali ko tabarmarsa ba ta kama wuta ba. Na gan ka, Malam, mayar da wayar aljihu.